Shuɗiyar Shinkafa a Ƙafar Jizo

Wata na tara, ran huɗu, da hantsi

Bana shekara ta huɗu ke nan da fitowar tauraro mai wutsiya, wanda ya sa matan garinmu Hibara suka yi ta buga tukwane don su kore shi, tsohuwata Natsu kuma ta dube shi ta ce ba za ta ga wata kaka ba, ta kuwa cika maganarta. Ita ta koya mini waɗannan baƙaƙen, irin na mata, da tsinke a cikin tokar murhu. Ban taɓa durƙusawa gaban malamin haikali ba. Wanda ya ga layin ya karkace, ya karkata wuyansa.

Jiya muka ƙone gada da hannunmu. Rundunar abokan gaba kuma tana can tsallaken kogi, tutocinsu sun fi karan gero yawa. Ruwan kaka ya cika kogin har baki, doki ba ya iya ƙetarewa. Kafin su ƙetaro sai ruwa ya ja har Dutsen Kunkuru da ke tsakiyar kogin ya fito da bayansa, ya fito da kai. Yau ko alamarsa babu.

Gaba kogi, hagu da dama tsauni, baya kurmi. A cikin kurmin akwai Hanyar Barewa, wadda kakanninmu suka cika da ramummuka da tsinin gora. Ba a zana ta a takarda ba, ba kuwa za a zana ta a nan ba. Waƙa ce. Baiti ɗaya, taku ɗaya na hanya. Uba ke sa wa ɗa a kunne, mutum ɗaya tak a kowane zamani. Ni Gonza na karɓa daga ubana, na ba ɗana Heita.

Heita ya fita shekaranjiya da kayan mai tallan magani, don ya dubo ko ɗaya bakin hanyar babu kowa. Wanda ya fita aiki ba ya shiga gari sai ya gama, ko matarsa ba ya gaisarwa. Idan hanya lafiya, zai zuba shuɗiyar shinkafa a ƙafar gunkin Jizo da ke bakin kurmi, ya koma mararraba ta farko ya jira. Ni kuma in yanke igiyar bambaron da ta tare bakin, mutane su shiga ya ja su. Haka ake yi. Gwiwata ba ta hawan dutse tun faɗan da aka yi bayan tauraron, shi ya sa shi ne zai ja.

Na je wurin Jizo. Ba komai. Bai isa dawowa ba tukuna.

Ran shida, da yamma

Na je wurin Jizo. Ba komai.

An yi taro a farfajiyar haikali. Matabe, mai garinmu, wanda muka yi tsallen rama tare da shi muna yara, yana faɗuwa ina dariya, shi ya buɗe baki.

“Kai Gonza, yaushe yaron nan zai dawo?”

“Ranar da ya gama.”

“To in ya gama bayan an gama da mu fa?”

Na ce masa, “Kai da kake tsoro, je ka yanke igiyar da kanka, ka shiga. Ramin farko zai yi maka daidai, dama ba ka da tsawo.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da aka watse ya biyo ni har ƙofa, yana jan ƙafa, ya ce, “Tsohon banza, ka san mata da yara nawa ke bayana.” Na ce na sani, ai ni na raɗa wa rabinsu suna.

Ran bakwai, da tsakar rana

Ba komai.

Ran tara, da hantsi

Osen, matar Heita, ta kawo mini kunun gero, da ’yarsu Ume goye a bayanta. Ta ajiye kwano ta durƙusa nesa, kamar kullum.

“Baba, an rage hannu yau. Mai gari ya ce a rage.”

“Ke kin ci?”

“Na ci.”

Ba ta ci ba. Mai shayarwa ce, ina ganin ƙashin wuyanta. Na sha rabi na ce ya yi gishiri da yawa, ta ɗauke.

Osen ’yar ƙasar Koka ce, daga can bayan tsauni. A da, mu da su kamar hannun dama da na hagu muke, mukan haɗu a kan iyaka mu sasanta. Bana an ce wasu mutanen Koka ne suka nuna wa rundunar nan mashiga. Tun daga nan mata ba sa amsa gaisuwarta a rijiya. Ni ban ce mata komai ba. Ban kuma ce wa matan komai ba.

Bayan ta tafi na zauna ina kallon ramar da ke bayan ɗaki, ba a yanke ta ba bana. Heita yana ɗan shekara bakwai na shuka masa irinta. Kullum da safe ya tsallake ta. Ramar tana tsawo a hankali, yaro ba ya jin ƙarin, sai wata rana ya waiwaya ya ga abin da yake tsallakewa ya fi ubansa tsawo. Haka muke horo a nan, ba da duka ba. Daga rama sai tafiya a kan jiƙaƙƙiyar takarda, kar ta yage. Daga nan gudu da malafa a ƙirji, iska kaɗai ke riƙe ta, in ta faɗi ka soma daga farko. Ya tsani takardar. Yakan ce, “Baba, wa zai shimfiɗa takarda a gidan abokin gaba?” In ce masa, “Babu, shi ya sa za ka ji daɗin taka daɓen katakonsu.”

Mutanen birni suna ce mana shinobi, wai muna zama hayaƙi, wai muna tafiya a kan ruwa. Manoma ne mu. Wanda ya iya aikin nan ba ka gane shi, don kama yake da mai tallan gishiri, ko sufi mai yawo, ko mai wasan biri a kasuwa. Heita da kayan magani, ko ni sai na dube shi sau biyu.

Babu mai gane shi. Ina faɗa.

Na je wurin Jizo. Ba komai.

Ran goma sha ɗaya, da almuru

Hayaƙi ya tashi ta wajen yamma, inda ƙauyen masu sassaƙa yake. Ba hayaƙin sharar gona ba ne. Iska ta kawo warinsa, mata suka shigar da yara ɗaki.

Ruwa ya soma ja. Akwai wani wuri a tsakiyar kogi da yake murɗewa yana fari. Matabe ya ce bayan Kunkuru ne. Na ce kumfa ce.

Ran goma sha uku, da yamma

Yau ranar lissafin kakanni. Kowace shekara bayan girbi nakan zauna a gindin itacen haikali in faɗi asalinmu, kowa ya zo da ɗan abin da zai ci. Yau na zauna ni kaɗai. Maza suna bakin kogi suna kafa shinge, mata suna daka ’ya’yan itace. Osen ce kawai ta zo, ta zauna can baya da yarinya. Na ce tunda akwai kunne ko ɗaya ne, za a yi.

Na faɗi yadda kakanninmu suke saro katako ga babban haikalin birnin Nara, sufaye su ƙirga itace su manta da ƙirga mutanen da itace ya danne. Yadda suka ƙi biyan haraji, aka aiko da sojoji, suka shige kurmi suka koyi tafiyar barewa da haƙurin kaska. Yadda birni ya sa musu suna miyagu, suka karɓi sunan suka rataya. Na faɗi dalilin da ya sa ƙasarmu ta Iga ba ta da sarki, gari-gari ne muke taruwa mu yanke magana. Na faɗi yadda sarakunan yaƙi suke aiko da mutum a ɓoye ya yi hayar ’ya’yanmu, su shiga ganuwa su ƙirgo bindigogi, ko su cinna wa rumbu wuta, in sun dawo a sallame su ta ƙofar baya kamar masu kwasar bayan gida. Na faɗi shekarar da kakana ya yanke igiya ba tare da shinkafa ba, saboda kukan mata ya ishe shi, suka fita ɗaya bakin suka tarar ana jiransu. Na lissafa sunayen waɗanda suka faɗi ran nan. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Ume ta soma kuka, uwar ta juya baya tana jijjiga ta, tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na yi shiru a tsakiyar suna.

“Ke! Me kike rerawa?”

“Waƙar barci ce, Baba.”

“Wa ya koya miki?”

Ta sunkuyar da kai. “Babanta ke yi mata. Ba ta barci sai da ita.”

Waƙar hanya ce. Ɗan banzan yaro, abin da aka sa masa a kunne a bayan kabarin kakansa, bayan ya yi wanka da ruwan sanyi ya rantse, shi ne ya mayar abin lallashin jaririya, mace ’yar Koka tana zaune tana ji. Na tambaye ta ina ta tsaya, ta ce a wurin da ake cewa ruwa yana faɗowa, don a nan yarinyar ke yin barci kullum. Rabi ke nan.

Na ce kar in ƙara jin ta a bakinta. Ta ce to.

In ya dawo zai gamu da ni.

Ran goma sha biyar, da tsakar rana

Ba komai. Na share ganyen da ya zuba a ƙafar Jizo, kar ya rufe wani abu.

Ran goma sha shida, da hantsi

Masu gadi suka aiko a kira Matabe, shi kuma ya ce in zo. Muka hau tudun da ake hangen tsallake. Abokan gaba sun kafa sanduna a bakin ruwa, a jere, kowace da kan mutum a bisa, suna fuskantar mu. A ƙarƙashin kowace sanda sun ajiye kayan mai ita, don a gane.

Matabe ya kare ido da hannu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Gonza.”

Na ce, “Idona ya tsufa.”

“Ta kusa da itacen can, akwai akwatin…”

“Na ce idona ya tsufa. Masu tallan magani sun cika ƙasa.”

Ya sauke hannunsa daga ido. Ya riƙe mini hannu wajen saukowa, na fizge. Ya juya ga masu gadi ya ce duk wanda ya kai maganar nan cikin gari zai yanke masa harshe.

Ban ga komai ba. Rana ce ta yi yawa a kan ruwa.

Na je wurin Jizo.

Ran goma sha bakwai

Ban fita ba. Gwiwa.

Ran goma sha takwas, da yamma

Na je sau biyu.

Ran ashirin, da hantsi

Bayan Kunkuru ya fito, tsuntsu ma ya sauka a kai. Ba zan ce kumfa ba ce.

Gero ya ƙare. Na buɗe tulun da ke ƙarƙashin daɓe na fito da dunƙulen guzuri, irin wanda mai fita aiki ke ɗaurewa a ɗamara: garin shinkafa da doyar daji da busasshen kifi, a kwaɓa da giya a shanya. Ɗaya yana riƙe namiji wuni guda a cikin rufin gidan wani. Na ce a raba wa yara. Wata yarinya ta tofar ta ce ɗanɗanon takalmi gare shi. Na ce mata haka ne, na ci takalmi na ci wannan, takalmin ya ɗan fi.

Matabe ya shigo ba sallama, ya zauna a kan turmi.

“Ka ba wani waƙar.”

“Tana da mai ita.”

“Gonza, ni da kai mun hau tudun nan.”

“Ni ban hau ko’ina ba.”

“To ka ba ɗana. Ko ɗan ƙanenka. Ko ni, in ka ga dama, ko da yake na san za ka ce kaina kamar kwando ne.”

“Kamar kwando ne. Kuma mutum ɗaya ake ba wa a zamani ɗaya. Ba a ba na biyu sai na farko ya…”

Ban ƙarasa ba. Shi ma bai ƙarasa mini ba. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce samari suna maganar ɗaure ni su matsa mini. Na ce su zo, ni na koya wa iyayensu yadda ake ɗaure mutum, ni kuma na koya musu yadda ake yin shiru in an ɗaure ka. Ya tashi, a bakin ƙofa ya ce, “Taurin kanka nan, ko dutse aka jefa maka sai dutsen ya nemi magani.”

Ran ashirin da ɗaya, da almuru

Osen ta kawo ruwan zafi da ɗan ganye a ciki, shi ne abincin. Ba ta tashi ba.

“Baba, masu gadi suna kawar da kai in sun gan ni.”

“Dama suna yi.”

“Ba irin wannan ba. Da harara suke yi. Yanzu gaishe ni suke.”

Na hura ruwan zafin na kurɓa. Ta jira. Sannan ta tambaya ko akwai abin da aka gani a bakin kogi, na ce akwai kogi. Ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ta ce nonon ya ƙafe tun jiya. Ta ɗauki kwanon ta fita.

Takalman Heita na gida suna nan a bakin ƙofa inda ya cire su. Ba ta kawar ba, ni ma ban kawar ba. Kowa yana ratse su.

Ran ashirin da uku, da sassafe

Akwai shinkafa a ƙafar Jizo. Shuɗiya.

Ran ashirin da uku, da tsakar rana

Bari in rubuta yadda aka yi.

Tun daga nesa na hango shuɗin. Na yar da sanda, na manta da gwiwa. Sai da na matso na ga ’yan gwara sun taru a kai suna tsattsaga. Na kore su, suka koma reshe, suka sake saukowa.

Tsuntsu ba ya cin shinkafarmu. Kafin a tsoma ta a shuni sai an kwana da ita a ruwan ɗanyar kanya, baurin ya shige ta, ta yi wata a ƙasa ko tururuwa ba ta taɓa ta. In ba haka ba, wane wawa zai bar saƙo a bakin tsuntsu? Wannan Heita ya san shi tun kafin ya iya ɗaura ɗamara. Na ɗauki ƙwaya na tauna. Shinkafa ce kawai, da shuni.

Kafin in miƙe, wata mai ɗibar itace ta gani ta ruga tana ihu. Gari ya taso. Mata suna kuka suna rungumar juna, waɗanda ba sa amsa gaisuwar Osen suka riƙe ta suna cewa mijinki, mijinki ya cece mu. Samari suka ce in yanke igiya yanzu-yanzu.

Na ce ba a yanke igiya ranar da aka ga shinkafa, sai ta kwana. Babu wannan dokar. Amma ni ne mai riƙon dokokin, wa zai ce babu?

Matabe bai yi murna ba. Ya dubi tsuntsayen, ya dube ni. Shi ma ya taɓa fita aiki a ƙuruciya, kansa ba kwando ba ne kamar yadda nake faɗa. A hankali ya ce, “In abokan gaba ne suka zuba, to sun shigo ta baya.” Na ce in su ne, da ba shinkafa za su zuba ba.

Kunkuru ya fito da wuyansa.

Ran ashirin da uku, da yamma

Osen ta kawo ruwan zafi, hannayenta a cikin hannun riga, ta turo kwanon da gefen tufa.

“Miƙo mini da hannu.”

“Baba, da zafi.”

“Uwar Ume, nuna mini hannunki.”

Ta fito da su. Ta goge da toka har fata ta saɓule, amma shuni ba ya barin ƙarƙashin farce. Tsohon shuɗin zanen marigayiya Natsu ta dafa ta tatso launin. Shinkafar kuwa ’yar wadda aka ajiye a gaban allon sunayen kakanni ce, na duba, kwanon wayam.

Na ce, “Kin san abin da ake yi wa wanda ya zuba alamar ƙarya?”

“Na sani. Ga ni kuma ’yar Koka, ba sai an yi dogon taro ba.”

“To in an shiga, aka isa mararraba, ba kowa a can, sai yaya?”

“Sai in ce ya yi gaba, ya ce in ja su. Na iya waƙar.”

“Kin iya rabi! Kin san me ke bayan inda ruwa ke faɗowa? A nan kakanni suka fi zuba mugunta. Baiti na gaba kaɗai, in kika sa ƙafar dama inda ake sa ta hagu, ke da duk wanda ke riƙe da zanenki kun tafi.”

“Na san rabi ne.”

“To hauka kike?”

Ta ce, “Baba, a nan kashe mu za a yi duka. A can wataƙila rabi. Na auna.” Sannan ta ƙara da cewa, “Kuma na yi tsammanin in kuka ga mun shiga, ba za ku bar Ume ta wuce wurin ruwan nan da rabin waƙa ba.”

Ka ji ’yar Koka. Ba garin ta yi wa dabara ba, ni ta yi wa. Shekara da shekaru ina koya wa maza cewa ba a fasa ganuwa, mai tsaron ƙofa ake nema a gano abin da ba zai iya jurewa ba. Ga wadda ban koya wa komai ba, tana daka a tsakar gida tana ji.

Na ce mata gwara sun cinye rabin saƙonta. Ta ce ba ta san abin da ake sawa ba, ba wanda ya gaya mata. Na ce ruwan ɗanyar kanya. Na ji bakina ya faɗa kafin in hana shi. Wannan ma sirri ne.

Ta tambaye ni, ba ta ɗago ba, “Ya sha wuya?”

Na ce ban sani ba. Ban ce wane ne ba. Ita ma ba ta ce ba.

Da ta tashi na ce ta zauna. Na gaya mata abin da nake juyawa a raina tun ranar tudu, wanda na ƙi bari ya zauna. Mutanen tsallake sun iya tambaya, suna da masu wannan aikin. Wanda suka kama da akwatin magani a bayan tsaunin nan, abu ɗaya za su tambaye shi: ta ina ka fito? Da ya faɗa, da tuni sun ɓullo mana ta kurmi muna barci, ba za su zauna suna gadin ruwa kamar masu kamun kifi ba. Har yau suna zaune suna jiran Kunkuru. Ba su san akwai hanya ba.

Ina ta zuwa ƙafar Jizo ina neman saƙonsa, ashe ya aiko tun tuni, ƙin faɗa musu shi ne saƙon. Yaron da ya kasa riƙe waƙa a gaban jaririya.

Ta rufe fuska da hannayen nan masu shuni. Na bar ta. Ni na dubi bango, akwai wata tsaga da nake son liƙewa tun bara.

Ran ashirin da uku, da almuru

Na sa ta yi wanka da ruwan rijiya, na kai ta bayan kabarin ubana. Na ce wa tsohon, ga wadda ta samu, mace ce, ’yar Koka ce, in yana da magana ya tashi ya faɗa. Bai ce komai ba. Ta rantse. Na sa bakina a kunnenta.

Kanta ya fi na mijinta. Sau uku ta maimaita, na huɗu ta gyara mini inda numfashi ya yanke mini. A baiti na ƙarshe ta tambaya me ya sa ake cewa a gaida tsohuwa, na ce wani dutse ne mai ƙusumbi, in kin gan shi ki bi hagunsa, kin fita.

Matabe ya zo muna dawowa. Ya dubi gashinta a jiƙe, ya dube ni.

“Shinkafar ta gaskiya ce?”

“Ta gaskiya ce. Ya yi gaba, ita za ta ja.”

Ya jinjina kai. “To. Ni zan bi bayanta, duk wanda ya yi tambaya a mararraba ya tambaye ni. Kai kuma samari za su goya ka.”

“A goya ni a kan dutsen nan mai santsi, mu faɗa mu biyu? Kuma wa zai hura muku wuta? In suka ga gari ba hayaƙi, ba za su jira Kunkuru ba, iyo za su yi.”

“Tsohon banza.”

“Gajere.”

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce rama ce ta cuce shi, tasa ta fi tawa saurin tsawo. Na ce haka ne, na sha zuba wa tasa taki a ɓoye. Ya ce ya sani.

Osen ta shigar da takalman ɗaki. Ume ta yi barci, an rera mata har ƙarshe.

Gobe da sassafe zan wasa wuƙar ubana in yanke igiya. Zan tsaya sai na ga bayan na ƙarshe ya shige kurmi, in ɗaura sabuwa, in share sawu, in tsince sauran shinkafar nan in ba gwara. Daga nan in bi gida-gida in hura murhu da ɗanyen itace don hayaƙi ya yi kauri, in jingina malafuna a kan shinge, in buga ƙararrawar haikali a kan lokacinta. Wannan takardar zan sa ta a murhun ƙarshe, ko in bar ta, ban yanke ba.

In Kunkuru ya fito da kai, ruwan da doki zai iya shiga, tsoho ma zai iya. Akwai wanda zan sauko da shi daga sandar da ke kusa da itace. Ya daɗe a rana, kuma ina da faɗan da zan yi masa a kan waƙa.